Ku Gaya wa Inna Ban Haukace Ba

Agege, Ikko

Zuwa ga Yaya Namadi, Gummi

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya Hure da yara?

Saƙon Inna ya iso, gorar rubutu da laya. Don Allah ka gaya mata ban haukace ba. Gaskiya ne Ɗanmusa mai fataucin shanu ya gan ni da sassafe ina sheƙa gudu da gajeren wando, alhali ba mai kora ta. Likita ne ya ce tumbin nan da kuke yabo ya jawo mani hawan jini, irin wanda ya kwantar da Baba, don haka sai gudu kullum.

Tun damina nake yi, kuma lafiyata lau, in ban da gwiwa da ke kuka wajen sujada. Ranar da ƙyuya ta kama ni, karen maƙwabci ke taimakona.

Rubutun na shanye, Allah shi saka, amma ba ni dainawa. In na zo Sallah ma, kullum sai na zagaye gari. Ka faɗa wa mutanen unguwa kada kowa ya biyo ni da igiya. Wanda ya matsu ya biyo, shi ma ya sa gajeren wando.

Ƙaninka,
Mainasara