Sunana a Allon Injin Gwaggo

Daren Laraba, Yalwawa

Tun magariba na dawo daga gidan Gwaggo a Kiyawa, har yanzu tuwona na nan a rufe ban taɓa ba.

Ƙwan zabin Gwaggo duk sun lalace a injin ƙyanƙyasar da na haɗa mata. Na san dalili, kuma ni kaɗai na sani.

Ƙwaƙwalwar injin ƙarama ce ƙwarai. Idan wuta ta zo, akwai ɗan guntun umarnin da ke fara tashi, shi ke tayar da sauran, kuma wurin da aka ware masa ɗan mitsitsi ne. Wurin nan na ƙara matsewa don in cusa rubutu a allo: "Aikin Injiniya Sadiya." Na ga ya yi kaɗan, na ce ai zai ɗauka. Sau biyu kawai na gwada.

Shekaranjiya aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita injin ya tashi, ya rubuta sunana, ya tsaya cak. Hitar da ke ɗumama ƙwan ba ta kama ba. Gwaggo ba ta yi boko ba, ta ga allo na haske ta ɗauka komai lafiya. Kwana biyu ƙwai na shan sanyi.

Na buɗe baki zan faɗa mata, ta riga ni: "Haba 'yar nan, kar ki sa a ranki, Allah ne bai nufa ba. Ai injinki ko sau ɗaya bai mutu ba." Har gyaɗa ta ƙulla min a leda.

Goge sunan bai ɗauke ni minti biyar ba ɗazu. Ƙullin gyaɗar ne na kasa kwancewa.