Linzami a Cikin Durowa

Kigali, 19 ga Maris

Yayana Efo Kafui,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar mahaifiyarmu Dada, ta fara takawa? Ka gaida kowa a gida, can garin Ho. Ni lafiya ƙalau, ina cin abinci, wake dai kullum.

Gwajin aiki na wata uku da kamfani ya ba ni zai ƙare ranar 28. Ana son a gyara shafi cikin minti 20, ni kuwa 41 nake yi da farko. Shugabarmu ta ce, "Selikem, tsakuwa kike tsincewa a shinkafa ne?" Kowa ya yi dariya, har da ni.

Akwai wani dattijo, Gatete, wanda ya ƙirƙiri manhajar da muke gyaran rubutu da ita, ya bar wa kowa kyauta. Ban taɓa ganinsa ba. Na aika masa tambaya, ya amsa a ranar: "'Yata, kulle linzamin kwamfutarki a durowa. Duk abin da yatsunki suka maimaita sau uku, tsaya ki nemo gajeriyar hanyarsa a maɓallan rubutu." Saƙo goma sha bakwai ya aiko mini, bai taɓa ƙosawa ba.

Jiya na sauko zuwa minti 26, na rubuta masa albishir. 'Yarsa ce ta amsa. Ya rasu tun ranar 9.

Saura minti shida, saura kwana tara, ba ni da wanda zan tambaya. Linzamin na nan a durowa.

Kada ka gaya wa Dada. Amma kar ku ba kowa gadon kwanana tukuna, ko da zan dawo gida.

Allah Ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Selikem