Kwalbar da Ke Kwana a Ruwan Ɗumi

Litinin. Bakwai da kwata: duba akwatin ɗumi. Zafi talatin da bakwai, daidai.

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar? Ki yi haƙuri da layin da ke sama, hannu ne ya saba.

Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce. Bangon ɗakin gwajinmu katako ne, ko tari ka yi maƙwabcinka ya ji.

Kin san aikina shekara goma sha tara: kiwon ƙwayoyin kansa a 'yan farantai. In ba su ruwan abincinsu, in ƙirga su a madubi mai ƙara girman abu, in rubuta. An daɗe da sanin cewa ƙwayar kansa mayunwaciya ce, tana shan sukari fiye da lafiyayyar ƙwaya. Abin da ya ɗaga sunan Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, shi ne maganin da ya ce yana toshe mata baki har yunwa ta kashe ta. Ɗalibansa da yawa sun zama farfesoshi a kan wannan magani. Wata mai zuwa zai yi ritaya, har an auna bangon da za a kafa sunansa.

To wasu masu bincike a wani wuri sun gwada maganin sau shida, ƙwayoyin ko gezau. Sun rubuto. An kafa kwamiti, an kuma turo mana wata Dakta ta zauna da mu. Ba ta da hayaniya, amma duk inda na juya tana bayana da ɗan littafinta. Jiya na tarar da aljihun teburina a ɗan buɗe. Ko ni na bar shi haka? Ban tabbata ba.

Ga abin da ya fi damuna. Ran Alhamis Farfesa ya sauko ɗakina da ƙafarsa, abin da rabonsa da yi shekara shida. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, littattafan aikin nan naka nawa ne?" Na ce ashirin da uku, ranka ya daɗe. Ya ce in tattara masa su duka, za a jera su a akwatin gilashi ranar walimarsa, mutane su ga hannun da ya yi aikin. Da zai fita ya juyo ya ce ba sai Dakta ta ji ba, wai kada a ɓata mamakin.

Na ji daɗi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Amma tun daga ranar abinci ba ya shiga. Ko mugun zato ne ke damuna?

Ki gaida kowa. Naki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, sai dai ba ta son taka keken ɗinki.

Na karanta takardarka sau biyu. Mutumin da ka karye a hannu ka yi wata biyu a gida bai leƙo ba, yau shi ne mai "ɗana"? Akwatin gilashi! Wa zai bar lemo da kujera ya tsaya karanta rubutunka mai kama da tafiyar kiyashi? Kada ka ba shi ko bangon littafi. Ka kwashe su ka kai gida, ka sa a ƙarƙashin kayan matarka inda ko kai ba ka isa ka taɓa ba.

Af, ita matar taka ta san wata Dakta na bin bayanka duk yini? Ka faɗa mata da bakinka kafin ta ji a waje.

Ni ban san kansa ba sai a jikin mutane, Allah ya raba mu da ita. Amma in na ba wata tela awo ta yanka riga ta ƙi shiga, ba na fara zagin yadi. Tef ɗina nake fara dubawa, ko ya miƙe ban sani ba. Me kake yi wanda waɗancan mutanen ba sa yi? Kai da kake rubuta har lokacin da ka wanke cokali, ai ba za ka rasa ba.

Kuma ka ci abinci. Tun kana ƙarami in abu ya dame ka cikinka kake hukuntawa.

Yayarka

*

Laraba. Bakwai daidai: ƙirga farantai huɗu na gefen hagu.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ki gafarce ni, kwana goma sha biyu ban amsa ba. Littattafan suna gida kamar yadda kika ce. Na gaya wa Farfesa ina gyara musu bango ne. Ƙarya ce, kuma ina jin ya gane.

Na duba tef ɗina, Yaya.

Maganin Farfesa ba ya son sanyi, in ya shiga firji sai ya yi gudaji. Don haka tun farko ya koya mini in haɗa shi da ruwan abincin ƙwayoyin ran Litinin, kwalba guda ta mako, in bar ta a kwanon ruwan ɗumi dare da rana. Farantan da ba a ba magani kuwa, waɗanda ake kwatantawa da su, nasu ruwan daga firji nake ɗebowa kullum, in ɗumama na minti goma. Ba a rubuta wannan a ko ɗaya daga cikin takardun da ya buga ba. Wa zai rubuta inda kwalba ke kwana?

Dakta ce ta tsaya a kan kwanon ta ce, "Malam, wannan kwalbar ba ta da ɗaki ne? Kullum a wanka nake ganinta." Na yi dariya. Ta ce ban da sukari akwai wani abincin a ruwan wanda zafi ke lalatawa in ya daɗe. Ta faɗa ta wuce, kamar ba komai. Har yanzu ban sani ba ko tarko ta ɗana mini ko hanya ta nuna mini.

Sai na ware farantai huɗu ban gaya wa kowa ba. Biyu na ba su ruwan da ya yi mako a ɗumi, babu magani ko ɗigo. Biyu na ba su magani a sabon ruwa. Yau na ƙirga sau uku. Masu maganin suna nan ɓul-ɓul, sun cika faranti. Waɗanda ba su ga magani ba su ne suka mutu.

Na ce wataƙila hannuna ne ya kuskure. Sai na koma littafi na tara, shekara goma sha ɗaya baya. Kwanon ɗumi ya lalace na mako biyu, na riƙa haɗa maganin sabo kowace safiya. Na rubuta: "Babu gudaji. Ƙwayoyi ba su mutu ba." A gefen shafin akwai jan biro, hannun Farfesa: "A cire waɗannan makonnin." Ni na cire su, Yaya. Ban tambaya ba.

Yanzu in littafin ya ɓata, me ya rage? Ma'aikaci mai takardar sakandare da ya bar kwalba a ruwan zafi. In kuma na nuna shi, na rushe mutumin da ya ɗauke ni ina wanke kwalabe ya koya mini madubi.

Ga wata takarda da aka turo ta ƙarƙashin ƙofata, na haɗo miki ita. Ki yi mini addu'a.

Auta

*

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina tunatar da kai maganar littattafan. Gyaran bango ba ya cin mako biyu. Ka kawo su gidana ran Asabar da la'asar, duka ashirin da ukun, kai kaɗai. Kwamiti zai zauna Litinin, kuma ina so in kare ka daga tambayoyin da ba ka da horon amsa su. Ka san ban taɓa barin nawa a rana ba.

Na gode da hidimar shekaru.

Farfesa

*

Auta,

Salam. A gurguje, direban da zai kai maka takardar nan na jira. Na ga takardar. "Kai kaɗai," in ji shi. Ka je, don ba a ƙi kiran babba, amma ka je hannu rabbana. Ka zauna kusa da ƙofa, ka bar shi ya yi ta magana. Duk abin da ka yanke, gidana da ɗaki.

Yayarka

*

Lahadi.

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya.

Na je, ban ɗauki komai ba. Ya karɓe ni a falo, lambobin yabo ko'ina a bango. Ya dubi hannuna kafin ya dubi fuskata.

Na faɗa masa zancen farantai huɗun. Bai yi mamaki ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ya ce, "Wa ke ajiye kwalbar a ɗumi, ni ko kai?" Na ce ni, ranka ya daɗe. Ya ce, "To ka gani." Na ce amma littafi na tara yana nan, da jan biron. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga.

Can ya ce shi a lokacin ya ɗauka maganin ne ya lalace da kwanon ya mutu. Ya rantse haka ya ɗauka. Muryarsa ta tsufa a gabana, har na so in yarda. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Amma faranti huɗu ne kawai, Yaya, da kwana biyar. Shekara goma sha ɗaya bai sa an gwada ba. Ni ma ban gwada ba.

Da zan tafi ya ce, "Akwai marasa lafiya da ke jiran maganin nan." Na ce shi ya sa, ranka ya daɗe. Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Bai raka ni ƙofa ba.

Na gaya wa matata komai, har da Dakta. Sai ta ɗauko mini jakar da za ta ɗauki littattafan duka.

Ki gaida yara. Naki,
Auta

Na gobe:
Sake ruwan farantan da Dakta ta ba ni in kula mata da su, tun Juma'a suke jira.
Kwafin shafi na 61 da 62, littafi na tara, guda biyu.
Ƙarfe goma, kwamiti, hawa na uku. Kai duka ashirin da ukun, a ƙirga a gabana.
Faɗin cewa ni na cire makonnin, kafin a tambaye ni.
Gaida Farfesa in mun haɗu a matakala. Ban san da wace murya ba.