Injin Ya Yi Tari Sau Biyu

Maiturare,

Assalamu alaikum. Ki tara mutanen gida ki sanar da su: yau Talata tsohon injin yankan itacen nan ya yi tari sau biyu kafin ya sake mutuwa.

Ya jikin Inna? Ya Mashkura da jikata? An ce ta fara rarrafe, ni kuwa a waya kawai na san ta.

Lafiyata ƙalau, ban da kafaɗar da nake jan igiyar injin da ita. Tsofaffin injinan da nake gyarawa sun kai tara a ɗakina na unguwar Gudu, a gefensu nake raɓawa in kwanta. Takwas sun tashi, saura wannan da ya girme ni. Mai gyara a Masaka ya jujjuya shi ya ce, "Oga, wanda ya ƙera wannan ma ya rasu."

Wata bakwai ke nan da kika yi min dariya, na rantse ba zan tako gida ba sai ya tashi. Ke ce da gaskiya, na yi wauta. Ki tambayar min Malam Badaruddeen yadda ake kaffarar rantsuwa, amma ki ce wani maƙwabcina ne.

Mijinki,
Ɗangoggo