Ɗorawar Gonar Baba

Makoda, 4 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanina Fatihu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan bincikenka a dajin nan na kudu. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Hotonka ya iso, wanda kake tsaye gindin ƙatuwar bishiya da kwalbar ƙwari a hannu. Baba ya sa shi a aljihu. Ranar kasuwar Ɗambatta turame shida na sassaƙa muka kai, amma duk wanda ya tsaya, hoton ake nuna masa: ga ɗansa mai binciken ƙwarin da ke huda itace.

Ni na koya maka kara kunne a jikin kirya ka ji tsutsa tana ci. Shekara biyu ina tara maka ƙwari a kwalba. Ban ji an faɗi wannan ba.

Yanzu ga ɗorawar gonarmu tana zubar da garin itace ta reshen gabas, alamar ƙwari sun shiga. Na ce a sare reshen a ƙone tun ba su kai uwar bishiyar ba. Baba ya ce a jira ta bakinka, kai ne ka yi karatun. To, muna jira.

Yayanka,
Abdulhadi

Makoda, 27 ga Mayu

Fatihu,

Ina gaishe ka, da fatan jikin ya yi sauƙi bayan zazzaɓin da ka ambata.

Amsarka ta same ni tun farkon wata. Abin da na faɗa shi ka faɗa: a sare, a ƙone, kada a wuce mako. Da na karanta sai na hango a raina Baba yana ɗaukar gatari da murna yana sa maka albarka. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin buhun gyaɗa. Kwana goma sha tara tana nan.

Shekaranjiya na karanta masa. Mun je da gatari, muka tarar ramukan sun sauka har gindi. Ɗorawar da kakanmu ya bari ba za ta ga kaka ba. Baba ya daɗe zaune a inuwarta, sannan ya ɗora laifin a kan direban da ya kawo wasiƙar. Na bar laifin a kan direban.

Ka kuma rubuta cewa ka sa sunana a takardar bincikenka. Wannan layin ban karanta masa ba.

Idan ka zo, ka zauna kusa da ni in gaya masa gaskiya.

Yayanka,
Abdulhadi