Ɗan tsakon da ya rage daga kazar Mma

Sabonjida, Tamale
Asabar, 14 ga Yuni, 2025, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma

Yaya Asmawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya a Takoradi, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke, sai gwiwar Kaka Adisa da ke damunta tun shigowar damina. Ina rubuto miki ne a zaune a ƙasa, kwali a gabana, ɗan tsako ɗaya a ciki.

Jar kazar da Mma ta bari kafin ta rasu, ita kaɗai ta rage cikin kajinta, ba ta nan. Ran Lahadi Kawu Ɗalha ya yi baƙo daga Kasalgu wanda likita ya hana jan nama. Gida cike da naman layya, amma aka ce sai kaza. Sauran kajin gidan sun watse, ita kuwa tana kwanci a kan ƙwai tara, kwana goma sha bakwai ke nan, ba ta gudu ba. Da na dawo daga kasuwa har an fige ta. Kawu ya ce kaza kaza ce, kada in mai da abin makoki.

Na kwashe ƙwan na sa a kwali da ƙwan lantarki da kofin ruwa. Ran Talata aka ɗauke wuta awa shida. Ran Alhamis ɗaya ya ƙyanƙyashe, takwas shiru.

Abin da ya biyo baya kuma laifina ne, Yaya. Na shimfiɗa masa takardar kalanda, don ita ce mafi tsabta a ɗakin kuma tana da sauƙin gogewa. Santsi gare ta. Ya kwana yana neman tsayuwa yana zamewa, da safiyar Juma'a na tarar ƙafafunsa sun baje, ɗaya gabas ɗaya yamma, yana jan ƙirji. Shekara huɗu na yi ina karatun kiwo, an ma tambaye mu wannan a jarrabawa, na kuma ci. Kaka ta leƙa ta ce ita da ba ta taɓa shiga aji ba ta san tsumma ake sawa ko ɓuntun shinkafa. Gaskiyarta, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Anti Evelyn, malamar da ke haya a ɗakin baya, ta ba ni filasta. Na haɗa ƙafafun biyu da ita, na bar tazarar yatsa biyu a tsakani, na canza shimfiɗa zuwa tsohon tawul. Duk bayan awa biyu ina tsoma bakinsa a ruwa, in tsayar da shi cikin kofin shayi minti goma. Awa talatin da uku ke nan. Ƙafar dama ta fara riƙe ƙasa, ta hagu har yanzu. Ya ci tsaki sau huɗu yau. Kawu ya gaya wa abokan hirarsa wai gidansu ya samu dokta, ta buɗe asibiti da majinyaci ɗaya. Sun yi dariya har na jiyo daga ɗaki.

Kaka tana gaishe ki, Anti Evelyn ma. Ki gaishe min da maigidanki Yaya Hammawa, da yara Hasanatu da Andani.

Abin da ban sani ba zuwa yanzu: ko ta hagun za ta miƙe idan na cire filastar ran Litinin, ko mace ce ko namiji, don in namiji ne irin kajin Mma ya kusa ƙarewa ko da ya rayu, ko wutar da aka ɗauke ce ta kashe takwas ɗin ko ni ce. Ban kuma sani ba ko Kawu ya gane kazar Mma ce lokacin da ya ɗaga ta daga kan ƙwan. Ban tambaye shi ba, ina tsoron ya ce ya gane.

Ƙanwarki,
Afra