Jaɓa Ba Ta Cin Dawa

Laraba da dare, Kwarbai

Kwana shida ke nan ina yaƙi da jaɓar da ta tare a bayan randa. Aba 'yar mitsitsiya, ga dogon baki, ido kamar ba a gama yinsa ba, sai wari da tsuwwa. Na kwaɓa dawa da maganin ɓera na ajiye mata, ko kallo dawar ba ta ishe ta ba.

Yau Hadizata ta dawo daga jami'a, ta ce, "Baba, ai jaɓa ba ɓera ba ce. Kyankyaso da tsutsa take ci. 'Yan'uwanta na daji ma a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye suke farautar ƙwari."

Na ce, "To Farfesa, ɗan aji biyar na firamare ya gode." Wai ni za a karanta wa tarihin ƙazama mai warin tsohon takalmi!

Dawar dai ta samu mai ci. Da magariba na tarar da kazar maman Hadiza, mai kwancin ƙwai tara, a miƙe, ta mutu. Na kifa mata kwando. Da safe muzuru zan ɗora wa laifin, sai dai Farfesa ta riga ta ɗaga kwandon.